Ranar da Baba Ya Ƙi Mutuwa Yana Kallon Teku

Mahaifina mai gyaran talabijin da bidiyo ne. Shagonsa yana unguwar Sharafiyya, a birnin nan na bakin teku da ke yamma da Makka, a matse tsakanin mai sayar da katifu da wani ɗan Yaman mai dafa wake da safe. Mutane kan kawo masa bidiyo da kaset ɗin da ta haɗiye a cikinta. In ya gyara, sai ya mayar da kaset ɗin farko don ya ga ko tana komawa baya, ya kunna, ya ga hoto ya tsaya, murya ta fito, halas, wato shi ke nan, ya kashe ya jawo ta gaba. Saboda haka finafinan Amurka na zamanin ƙuruciyata Baba ya san farkon kusan dukkansu, amma ko a yanka shi ba zai iya gaya maka yadda ɗaya ya ƙare ba.

A farkon finafinan nan ya haɗu da malaminsa. Wani Ba'amurke ne mai sanƙo, mai ƙaton hanci, da kunnuwa fato-fato kamar marfin tukunya, wanda ba a taɓa ba shi jarumi ba. Yau shi ne ɗan sandan da aka aika ya leƙa lungu, gobe mai gadin banki, jibi direban da ya tsaya ya ɗauki wanda bai kamata ya ɗauka ba. Kafin jarumi ya gama taje gashinsa, an riga an kashe bawan Allah. An harbe shi, an jefo shi daga bene, mota ta bi ta kansa, akwai ma fim ɗin da kifi ne ya cinye shi. Baba ba ya karanta Turanci, kuma sunayen irin waɗannan a ƙarshe ake jero su, inda Baba ba ya kaiwa. Don haka Malamina kawai yake ce masa.

Da sanƙon ya bayyana a gilashi, sai Baba ya ajiye abin da ke hannunsa ya ƙwala wa mai katifu kira.

“Zo ka ga ma'aikaci! Shi jarumi me ya iya? Gashi da haƙora. Wannan kuwa duk sana'ar da aka miƙo masa karɓa yake, bai taɓa cewa ba ita aka rubuta masa a iƙama, takardar zaman ƙasa, ba. Dubi gwiwar. Ka gani? Gwiwa ce ke fara mutuwa, sannan kafaɗa, sannan hula ta gangara. Allah ya ba shi!”

Ina 'yar makaranta nake kai masa abincin rana, na sha tarar da manyan mutane biyu a tsaye ana mayar musu da mutuwar Bature baya ana sake kunnawa, mai bidiyon kuma yana bakin ƙofa yana jiran kayansa.

Zamani ya juya. Talabijin ya zama falle kamar faranti, in ya lalace yar da shi ake yi a sayi wani. Baba ya rufe shago, shi da Umma suka dawo wajena a unguwar Safa, inda nake zaune da mijina da 'ya'yana. A nan ne abin ya fara damunsa. 'Ya'yana suna jin Hausa, amma da Larabci suke mayarwa, in ma sun mayar ke nan. Kowa kansa a sunkuye yana shafa waya. Baba ya zauna a tsakiyarsu ya ɗauko labarin kakansa da ya tako a ƙafa tun daga ƙasar Hausa har ya yada zango a Ammariyya, tsohuwar unguwarmu, su kuwa sai dai “aiwa, Jaddi, aiwa” wato “to, Kaka, to”, ba tare da an ɗago ba. Har autata, wadda ko makaranta ba ta shiga ba, ta iya wannan aiwar.

Wata rana ya ce mini, “Uwata,” haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, “'ya'yan nan naki sun san ina da fuska kuwa? Ni dai tsakar kansu na sani.”

Da dariya ya faɗa, amma abin ya soke ni. Na yi faɗa a gidan har maƙwabta suka ji, na ƙwace wayoyi na kulle a kwaba. Yaran suka zauna suna kallon kwabar.

A wayar tawa ce kuma, don kada a ce ni ta Allah ce, na ci karo da hoton mai sanƙo wata safiya. Ya tsufa tukuf, amma kunnuwan suna nan. Na ruga na nuna wa Baba.

“Baba, Malaminka ya mutu.”

“Ya saba.”

“A'a, da gaske fa.”

“Wannan karon wa ya harbe shi?”

“Ba kowa. Tsufa ne, a kan gadonsa.”

Ya taɓe baki. “To ai ba a ba shi wurin faɗuwa ba ke nan.”

Na zauna na karanta masa abin da aka rubuta, ina juya masa da Hausa. Ashe a dandamali ya fara, a ƙananan gidajen wasa inda 'yan wasa kan fi 'yan kallo yawa. In aiki ya yanke sai ya yi wanke-wanke a gidan abinci ko ya ja tasi. Sai da gashinsa ya zube sannan 'yan fim suka ga amfaninsa. Ya yi alƙali, ya yi wanzami, ya yi likitan da ke fitowa yana girgiza kai. Wai a titi mutane kan tare shi su rantse shi ya koyar da su lissafi, ko shi ne tsohon maƙwabcinsu, domin kowa ya san fuskar, ba wanda ya san daga ina. Na ce bari in gaya masa sunan, tunda ga shi a rubuce. Ya ɗaga hannu ya ce in bar shi, yanzu kuma me zai yi da shi. Ranar bai ci abincin kirki ba.

Ba a daɗe ba wani saurayi ɗan tsohuwar unguwarmu, irin yaran nan namu da Hausarsu ta karye, ya zo masallacin Ammariyya inda Baba ke komawa Juma'a. Yana aiki da wasu masu shirya fim a tsohon gari. Labarin alhazan da ne, kuma suna neman dattawa baƙar fata da za su fito a matsayin waɗanda suka sauka daga jirgin ruwa. Tafiya kawai za su yi a cikin lungu. Amma ana son mutum ɗaya da zai yanke jiki ya faɗi ya mutu, kamara ta zo daf da fuskarsa. Saurayin bai rufe baki ba Baba ya ce ga shi.

Ya dawo gida yana sheƙi. Umma ta ce, “Alhaji, da furfurarka? Mutuwa kuma abin wasa ce?”

“Hajiya, yaran nan gilashi kawai suke kallo. To zan shiga cikin gilashin. Fuskata za ta cika bango guda a sinima, in ga ta inda za su kauce mata.”

Daga ranar falona ya koma maƙabarta. Ya shimfiɗa katifa tsakanin kujeru, da safe a mutu, bayan la'asar a mutu. Gwiwa, kafaɗa, hula. Ya ce Malaminsa ba ya mutuwa hannu rabbana, kullum da wani abu a hannunsa, ko kofi ko burodi, don a ji ƙarar faɗuwarsa. Saboda haka ya zaɓi buta. Butocina na roba ba wadda ba ta fashe ba. Umma tun tana salati har ta koma tsallake shi da farantin abinci tana cewa, “In ka gama mutuwar, ga shinkafarka nan tana hucewa.”

Da an bar shi haka da an zauna lafiya. Amma Baba yana da amini, Bahaushen Sudan, dogo siriri, wanda shi ke wankan gawa a masallacin unguwarsu. Baba da kansa ya gayyato shi wai ya zo ya duba masa aiki, tunda shi ne masani. Mutumin ya zauna da rawaninsa, ya sha shayina, ya kalli mutuwa ɗaya, ya girgiza kai.

“Faɗuwar ta yi kyau, ya zol, mutumina. Amma ina ka sa gaba?”

Baba daga kwance ya buɗe ido ɗaya. “Firiji.”

“Firiji! Musulmi ɗan Musulmi? Kuma ban ji shahada ba.”

“Ai wasa ne.”

“Mala'ika ya san da wasa? Ka ce kana kwance kana wannan ƙaryar, ga shekaru sun ja, ga hawan jini, sai ya leƙo ya ce ai ga shi ma ya shirya, bari in sauƙaƙe wa kowa. Da me za ka tashi? Da firiji?”

Na ce, “Kawu, don Allah sha shayinka.” Amma aikin gama ya gama. Na ga Baba ya tashi zaune yana tunani, ya juya katifar da ƙafa a hankali. Ban ɗauki abin da zafi ba, na ce a raina ai in an je can su za su gaya masa inda zai kwanta.

Ranar ɗaukar fim na ɗauki hutu a wajen aiki na tuƙa shi da kaina. Lungu ne siriri a tsohon gari, gidajen nan masu tagogin katako sun rufa a kansa. An watsa ƙasa a kan kwalta, an kawo jaki. An sa wa dattawanmu tsofaffin riguna, an shafa musu ƙura, kowa da ƙunshinsa a ka. Wallahi da na hango Baba a cikinsu da butar ƙarfe a hannu sai da ƙwalla ta zo mini, don ban taɓa ganin kakansa ba amma na ji kamar na gan shi.

Daraktan wani Balarabe ne mai ƙaramin gemu da hular rana, mutum mai haƙuri, Allah ya sani. Ya yi bayani, saurayin nan namu ya maimaita da guntuwar Hausarsa, ni ma na maimaita. Kamara tana bakin lungu ta yamma, wajen teku. Alhazai za su ba ta baya su nufi gabas. Baba zai yi tangaɗi, ya juyo, ya faɗi fuskarsa na kallon kamara, ita kuma ta matso. Abu mai sauƙi.

Aka ce yalla, a fara. Dattawa suka taka. Baba ya yi tangaɗi, kai, tangaɗin ya yi kyau, har na ji wani a bayana ya ce mashallah. Gwiwa ta tafi. Buta ta faɗi ƙwaram. Hula ta gangara kamar an aike ta. Sai ga Baba ya mirgina kan hannunsa na dama, ya miƙe ƙafafu tsaf, ya sa gabansa gabas, ya ba kamara ƙeya, ya ɗaga ɗan yatsa ya rangaɗa kalmar shahada da muryar ladan. Dattawan da aka ce su wuce kamar ba su gani ba suka tsaya cak suka amsa da inna lillahi.

Darakta ya yi dariya ya tafa. Ya ce mumtaz, ya yi kyau, ya Hajj, amma fuskar nan ake so, nan. Aka karkaɗe Baba, aka tsinto hula, aka sake. Wannan karon ya juyo kamar yadda aka ce, har ya kalli kamara ido cikin ido, na ce alhamdulillahi. Yana isa ƙasa sai ya wuntsila ya koma gabas. Aka sake. Ya faɗi daidai, ya kwanta shiru, kamara ta fara matsowa, sai gawa ta soma jan jiki a hankali tana juyawa kamar hannun agogo.

Nan fa raina ya ɓaci. Na tsallake igiyar da aka gitta na isa kansa.

“Baba! Butocina nawa ka fasa? Hutu na ɗauka! Juya ka mutu yadda aka ce maka mu tafi gida!”

Ya tashi zaune, ƙura har cikin gira. “Uwata, ki yi mini adalci. Mutum ya bar garinsu, ya ci wuyar hanya, ga Makka can bayan duwatsu, saura ƙiris. Sai ya juya mata baya ya mutu yana kallon teku? Kifi ya zo gani?”

“Ba kai ba ne, wasa ne!”

“To in ni ne fa? In abin ya zo da gaske?”

“Jikokin naka fa? Ƙeya za ka nuna musu?”

Wannan ta same shi. Ya kalli kamara, ya kalli gabas. Na san mahaifina, na ga yadda yake son kamarar nan kamar ya haɗiye ta. Ya ce a hankali, “A gaya wa yaron ya zagayo da ita ta nan mana.”

Aka gaya wa darakta. Ya kama hannun Baba da ladabi ya kai shi ɗaya bakin lungun ya nuna masa abin da kamara za ta gani in ta kalli yamma: wani dogon bene na gilashi, na'urorin sanyaya ɗaki jere a bango, da allon tallan kaji. Ya ce, ya Hajj, a zamanin kakanka akwai wannan? Baba ya yarda babu. To a canja lungu mana? Ba a ba su izinin wani ba. Kafin ka ce kwabo dattawa sun zaro wayoyi daga ƙarƙashin tsumman alhazan da, kowa yana auna alƙibla, ana gardama ko in ya ɗan karkata kudu zai samu rabin fuska ya ba kamara, rabi ya bar wa Allah. Wani ya ce kunne ɗaya dai zai fito. Jaki ya samu sarari ya cinye ƙunshin wani.

Darakta ya duba rana, ya ce ma'alesh, a yi haƙuri, a ba wani ya mutu. Saurayinmu ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da da safe suke jin haushin an ba Baba mutuwa an hana su, yanzu kowa ya noƙe. Wannan ya ce gwiwarsa, wancan ya ce shi ma in dai zai faɗi to gabas. Wani ya ce shi mafarkin da ya yi jiya bai yi masa daɗi ba. Darakta ya cire hular ranarsa ya yi fifita da ita, ya ce halas, ya mutu yadda yake so, za a ɗauka daga nesa.

Baba ya yi mutuwarsa ta ƙarshe, mai kyau ƙwarai, ba wanda ya ga fuskarsa sai bangon wani gida. A mota ban yi masa magana ba har muka wuce gadar Sharafiyya. Shi kuma yana ta murza hularsa. Can ya ce, “Da Malamina ne, da ya juya.” Na ce ai shi ya san aikinsa. Ya ce, “Shi ba shi da gabas.” Haushi nake ji, tausayi kuma ya hana ni ƙarasa faɗan.

Fim ɗin ya daɗe bai fito ba, har muka ɗauka an fasa. Da ya fito, Baba ya ce shi ba zai je ba, me za a gani. Umma ce ta ce wallahi sai an je, ba za ta yi watanni tana tsallake gawa a banza ba. Muka ɗunguma sinima bayan la'asar, har da aminin nan nasa da ya jawo mana, ya zo da rawaninsa ya tare wa na baya kallo. Umma ta shigo da dambun nama a jaka. Baba ya zauna a gefe, autata kusa da shi, manyan yaran kuwa ana kashe fitila suka sunkuya kan wayoyinsu. Na ga ya lura.

Lungun ya bayyana. Daga nesa aka ɗauka kamar yadda aka ce, mutane birjik, duk bayansu, duk riguna iri ɗaya masu ƙura. Ni da na tsaya a wurin ranar, na kasa gane wane ne wane. Umma tana taɓa ni tana cewa wancan ne? Wancan mai ƙunshin? Ba a ma kai ga tangaɗin ba sai muryar autata ta tsaga ɗakin.

“Jaddi! Hada Jaddi!”

Tana tsaye a kan kujera tana nuna wani ɗan ƙaramin baya a gefen hoton, mai ɗan ranƙwafawa, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka. Shi ne kuwa. 'Yan'uwanta suka ɗago a firgice. Gwiwa ta tafi, buta ta yi ƙara a lasifika, hula ta gangara, bayan nan ya kwanta bai sake motsi ba. Yarinya ta tsandara ihu. Ta diro daga kujera za ta ruga wajen allon tana kuka tana cewa a tashe shi, a tashe shi, mutane suna wuce shi. 'Yan kallo suna shii, wasu suna dariya, aminin Baba yana cewa ai da kyau ya tafi, ya samu gabas.

Baba ya cafko rigarta. “Ke, ke, ga ni nan. Ga ni.”

Ta juyo tana shessheƙa. Ta kalli allon, ta kalle shi, ba ta yarda ba. Sai ta haye cinyarsa ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta dama, ta juya ta hagu, ta ja gemun, ta ɗaga masa fatar ido da ɗan yatsa ta leƙa ciki. Ya zauna ƙam kamar wanda ake yi wa aski, ko numfashin kirki ba ya yi. A hasken allon na ga hawaye na bin kumatunsa yana shiga tsakanin yatsunta. Manyan ma sun leƙo ta kan kujeru suna kallonsa, wayoyin a kan cinya.

Da Hausarta da ba ta cika fitowa ba ta ce, “Jaddi, kar ka ƙara.”

Ya ce, “To, na bari.”

Ba ta sauka ba, kuma ba ta saki gemun ba. Umma ta miƙo musu dambu ta ce a ci kafin ma'aikacin sinima mai fitila ya zagayo.